Alhaji, Filinka Gudun Nawa Yake Yi?

Tun ban buɗe baki ba na jiyo gunaguninku. Wani a majalisar Court Road ya riga ya taɓe baki, wani a bakin Kasuwar Tarauni ya ce ai wannan marubucin ƙoshi ne ke damunsa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, magidanta da yawa suka jingine motocinsu suka koma bin A-daidaita-sahu, shi kuma ya rasa abin da zai kawo mana sai zancen tsofaffin motocin tseren Turawa. Na ji, ban kuma musa ba. Ban ce akwai Ferrari a layinku ba, ban ce wani ya ɗaga gidan gado ya saya ba. Amma ku ne fa ba a taɓa tayar da zancen mota a gabanku kuka yi shiru ba. Wanda ko keke bai mallaka ba a cikinku sai ya riƙe gardamar Honda da Toyota tun daga azahar har a kira magariba, yana rantse-rantse. To tunda gwanaye ne ku, ku matso mu taɓa ta manya.

Tambayoyinku na san su, don duk wanda ya taɓa tsayawa wajen dillalan mota a titin Zariya ko titin Maiduguri ya haddace su. Gudun nawa take yi? Yaya shan manta? Akwai kayanta a Ƙofar Ruwa? In na tashi sayarwa zan fita? Ta biyu da ta uku mu yafe wa juna: mai suna shansa ba tausayi, kaya kuma sai dai a yi oda a jira jirgi. Ta farko da ta ƙarshe su ne abin magana, kuma abin da zai ba ku haushi shi ne amsoshinsu ba sa ga-maciji da juna.

Mu fara da gudu, tunda nan bakinku ya fi kaifi. A watan Maris na 1961 kamfanin Jaguar na Ingila ya kai motarsa E-Type baje kolin birnin Jeniba. Inji mai silinda shida a jere, lita 3.8, ƙarfin doki 265 a faɗar kamfanin, gudu kuma kilomita 240 a awa, a zamanin da motar iyali ta Bature da ƙyar take taɓa 130. Kuɗinta wajen fam 2,100, bai kai rabin na Ferrari ba. Ga kyau kuma, dogon hanci da ɗan ƙugu, har gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya shigar da ɗaya cikin kayansa a 1996, mutane na biyan kuɗi su je kallo.

To ga abin da zai wanke muku zuciya. Camry ɗin nan da kuke kira Muscle, ƙirar 2007 zuwa 2011, in mai silinda shida ce doki 268 gare ta. Wato wadda ke ajiye a harabar Asibitin Malam, da takalmin yara da ledar burodi a kujerar baya, ta fi Jaguar ɗin da ta ruɗa Turai da doki uku, ga sanyi a ciki, ga birki mai kamawa. Porsche 911 ta farko, wadda ta shiga kasuwa a 1964, doki 130 ne da ita, Corolla ma ta ɗan ɗara ta. Marsandi 300 SL ta 1954, mai ƙofofin nan da ke buɗewa sama, 215 ne, duk da a lokacinta babu motar kasuwa da ke shan gabanta, don tana cikin na farkon da suka yi watsi da kafireto suka koma fesa mai kai tsaye cikin silinda.

Italiyawa ne kaɗai za su ɗan sa ku gumi. Ferrari 250 GTO ta 1962 silinda 12 ne da ita, kafireto shida, doki wajen 300, nauyinta bai kai tan guda ba, kuma shekara uku a jere tana cinye gasar duniya ta ajinta, daga 1962 zuwa 1964. Sai Lamborghini Miura ta 1966, ta wani mai ƙera tarakta, Ferruccio Lamborghini, da ya ga shi ma ba abin da zai hana shi taka rawar Ferrari. Injiniyoyinsa suka ɗauki inji mai silinda 12 suka kwantar da shi a gicciye daidai ƙeyar direba, doki 350, aka samu ƙirar da manyan motocin gudu ke bi har yau. Amma su ɗin ma, sabuwar BMW ko Marsandin da 'ya'yan masu hali ke ƙure wa maleji a Zoo Road in dare ya raba za ta bar su da hayaƙi. Wannan zagayen naku ne. Ku yi dariyarku ta ishe ku.

Kun gama? To ku share hawaye mu shiga ciniki. A watan Agustan 2018 an yi gwanjon wata 250 GTO a Kalifoniya, aka sallama a dala miliyan 48.4. A shekarar dai aka ba da rahoton an sayar da wata a ɓoye, hannu da hannu, a dala miliyan 70. A Nuwamban 2023 wata 'yar uwarsu ta tashi a miliyan 51.7 a New York. Wannan fa motar da sabuwarta dala 18,000 ce, ko da yake a lokacin ma ba kowa ake sayar wa ba, sai wanda Enzo Ferrari ya ga ya dace. Duk wannan wasan yara ne a kan abin da ya faru a watan Mayun 2022 a Stuttgart ta Jamus, inda kamfanin Mercedes-Benz ya fito da wata 300 SLR ta 1955, wadda ake kira da sunan injiniyansa Rudolf Uhlenhaut, aka saye ta Yuro miliyan 135. Ba zan juya muku shi zuwa naira ba, kada a ce na tayar wa wani da hawan jini. Mai son sani ya je Wapa a buga masa, amma ya tafi da mai riƙe shi.

Na ji wani ya ce, "Haba malam, ai wannan hauka ne, ko dai ɓoye kuɗin sata." Masu ɓoye kuɗi ba a rasa su a kowace kasuwa, har taku. Amma haukan nan yana da lissafi, kuma lissafin bai shafi maleji ba. Ƙidaya ce. Irin ta Uhlenhaut biyu aka ƙera a duniya, ɗayar tana hannun kamfanin. GTO 36 ne. Miura ba ta kai 800 ba. Marsandi mai ƙofar sama 1,400. E-Type kuwa sama da 72,000, ita kuma 911 a 2017 aka ƙera ta miliyan ɗaya, ana kuma ci gaba. Ku jera kuɗinsu, za ku ga ya bi wannan layin sawu da ƙafa: ta biyun ta fi ta 36, ta 36 ta fi ta dubu, ta dubu ta fi ta dubu saba'in. E-Type da a zamaninta ba ta jin tsoron kowa a titi, yau akasarinsu ko kusa da dala rabin miliyan ba sa zuwa, alhali Marsandin da ba ta fi ta ƙarfi ba sai da miliyan da ɗoriya ake fara maganarta.

In kuna son hujjar da ta fi wannan, ku duba cikin gida ɗaya. Jaguar ya ƙera wasu E-Type guda 12 kacal masu jikin alminiyom don tsere. A 2017 an sayar da ɗaya a sama da dala miliyan 7. Daga nesa ba za ka bambanta ta da sauran dubban ba. Cikin Marsandi 1,400 ɗin nan ma akwai 29 masu jikin alminiyom, kuɗinsu ya ninka na sauran sau da yawa. A gidan Porsche kuma akwai Carrera RS ta 1973, mai ɗan bindi a tsaye a baya, doki 210. Guda 500 aka yi niyyar yi don cika sharaɗin shiga gasa, mutane suka yi wawaso har aka kai 1,580, kuma yau kuɗin ɗayarsu zai sayi 911 na gama-gari na shekarar har da canji mai kauri.

Kai Alhaji da ke girgiza kai kana cewa wane mai hankali ne zai binne wannan dukiya a abin da ba ya hawa, ina da tambaya. Filin nan naka na Darmanawa, da ka zagaye da bulo layi uku shekara da shekaru, gudun nawa yake yi? Ko ɗaki ba ka ɗora ba, ba abin da ke ciki sai ciyawa da leda da awakin maƙwabta. Amma in an taya ka ce albarka, don ka san ƙasar Tarauni ba ƙaruwa take ba, mutane ne ke ƙaruwa. Kuma ranar da ka saye shi ba ka tambayi laushin ƙasar ba, takarda ka tambaya: na wane ne, daga hannun wa ya fito, akwai rigimar gado, mai unguwa ya shaida? Mai tara tsofaffin motoci ɗan uwanka ne, sai dai nasa filin yana da taya huɗu, kuma ran Lahadi yakan ɗan zaga da shi.

Takardar tasu ita ce lambar shasi da lambar inji da ta giya. Kamfanonin nan suna da kundin kowace mota: ranar da ta fita, launinta, irin fatar kujerarta, dillalin da ya karɓa. In lambobin jikinta sun dace da na kundi, kuma an san hannayen da ta bi tun daga na farko, kuɗi ya hau. In injin na wata ne, ko da ya fi na asalin lafiya, kuɗi ya zube. Abin har ya kai ga a watan Agustan 2023 an kai wata Ferrari 500 Mondial ta 1954 gwanjo a Kalifoniya, ta yi hatsari ta ƙone tun tuni, ba taya, ba kujera, ba gilashi, ƙarfe ne kawai a lanƙwashe. Aka saye ta kusan dala miliyan 1.9. Da a Gyadi-Gyadi aka yar da ita, da ɗan gwangwan ya ɗora ta a sikeli ya biya kuɗin kilo, har ya yi ƙorafin ba ta da nauyi. Wanda ya saye ta, kuɗin lambar da ke jikinta ya biya, don da ita zai iya sake gina motar kuma duniya ta yarda ita ce. A Faransa ma an buɗe rumfunan wani ɗan kasuwar sufuri, Roger Baillon, aka tarar da motoci wajen 60 suna ruɓewa, cikinsu har da wata Ferrari California da aka jibge wa tsofaffin mujallu a kai. A Fabrairun 2015 aka sayar da ita a Faris da ƙurarta, Yuro miliyan 16 da ɗoriya. Ko wanke ta ba a yi ba, don ƙurar ma shaida ce cewa ba wanda ya taɓa ta.

A nan nake son bakanikenmu ya matso, shi da ke rumfa a Unguwa Uku da baƙin mai har gwiwar hannu. Oga, ban raina ka ba. Motar da Bature ya yanke wa ƙauna ya turo ta Kwatano, kai kake ƙara mata shekara ashirin a duniya. Amma dubi yadda kake raya ta. Inji ya buga, ka ciro na wata ka dasa. Ta cika zafi, ka sa lagireto mai layi biyu, ka cire abin daidaita zafin ruwan ka jefar, ka haɗa fanka kai tsaye. Mai gyaran jiki ya cike ta da foti, mai fenti ya mayar da fara ruwan toka, mai kujera ya yaye fatar kamfani ya sa leda mai ƙyalli. Mota ta tashi, ta kai Alhaji Kwanar Dangora ta dawo da shi lafiya, kowa ya sa maka albarka. A idon mai tara motoci kuwa ka yanka ta ka binne. Kada kuma ku masu saye ku yi kamar baƙon abu na faɗa. Ku ne kuke ƙwanƙwasa jikin mota da ɗan yatsa kuna kasa kunne, kuna tambayar dillali ko fentin kamfani ne. Abin da kuke yi wa motar shekara goma shi suke yi wa ta shekara sittin, sai dai su ba sa yarda da rantsuwar dillali.

Bayan ƙidaya da takarda akwai labari. Aston Martin DB5 ba ta kai Jaguar gudu ba, guda 1,059 aka yi, amma tun da James Bond ya hau ta a fim ɗin Goldfinger na 1964 ta shiga gaban takwarorinta, har a 2019 aka sayar da ɗaya daga cikin waɗanda aka ƙera don harkar fina-finan a dala miliyan 6.4. Wannan kam ba sai Bature ya koya mana ba. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, Allah Ya jiƙansa, tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas da hujin harsasai a jikinta. Ba motar tsere ba ce, irinta dubbai aka ƙera. Amma wane Bakano ne zai yarda a kai ta a toshe hujin a fesa mata sabon fenti? Haka tsofaffin Rolls-Royce na gidan Sarki. Ranar da aka fito da ɗaya, ku masu cewa tsohuwar mota ba ta da rana ku ne kan gaba wajen ɗaga waya.

Na hango wani dattijo a Hausawa yana murmushi tun ɗazu, carbi a hannu. "Yaro, duk surutunka, mota dai Fijo." Baba, ka fi su gaskiya, bari ma in ƙara maka hujja. Lokacin da Porsche ya nuna sabuwar motarsa a Frankfurt a 1963, 901 ya raɗa mata. Kamfanin Peugeot ya ce bai yarda ba, lamba uku mai sifili a tsakiya tasa ce a Faransa, dole aka cire sifilin aka sa ɗaya. Shekara 15 bayan nan suka haɗu a tseren Safari na Kenya, dubban kilomita cikin laka da duwatsu da ƙoramu. Porsche ya zo da 911 da shirinsa na gaske, amma a 1978 ɗin Jean-Pierre Nicolas ne ya zo na ɗaya a cikin Fijo 504, Porsche ta biyo bayansa. Kafin nan ma, a 1975, Ove Andersson ya ci wannan tseren da 504 mai ƙofa huɗu, a shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna.

Sai dai Baba, kada ka tashi ka yaye tamfol ɗin taka tukuna. Wadda ta kayar da Porsche mai ƙofa biyu ce, mai silinda shida, wadda gidan Pininfarina na birnin Turin ya zana ya kuma ƙera wa jiki, gidan da ya zana yawancin Ferrari. A 1969 ta fito, ita da ƙanwarta mai buɗaɗɗen sama, kuma su biyun a haɗe ba su kai 40,000 ba. Taka mai ƙofa huɗu sama da miliyan uku aka yi, Faransa ta daina tun 1983, Kaduna ta ci gaba har bayan shekarar 2000. Darajarta tana nan, amma ta ɗaukar buhu da fasinja bakwai zuwa Funtuwa ce. In ma dangantaka kuke nema da Ferrari, tana nan kusa: tun 1969 Fiat ya sayi rabin kamfanin, kuma a titin Zariyan nan naku aka yi kamfanin haɗa manyan motocin Fiat. Wato kun taɓa zama maƙwabtan dangin Ferrari, sai dai ɓangaren dangin masu dakon siminti.

Yanzu mu sauko da su daga takarda mu ɗora su a kwalta. A ce watan Afrilu ne, ƙarfe biyu na rana, zafi ya haura digiri 40, za a tashi daga gadar Dangi a bi ta gaban Asibitin Malam a nufi Unguwa Uku. Jaguar ce za ta fara tafasa, don na farkon bakinsu ƙarami ne, fankarsu ba ƙarfi, ko a sanyin Ingila an san su da haka a cunkoso. Kayan wutarta na kamfanin Lucas ne, wanda mutanen Ingila da kansu suka mayar abin barkwanci. Hancinta zai riga ka shiga mararraba da taku biyu, kafin ka hango ɗan A-daidaita ya riga ya gaisa da fitilarka. In kuma ta Ingila ce mai sitiyari a dama, ka tuna tun 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, duk wucewar da za ka yi sai na gefenka ya leƙa maka.

Marsandi mai ƙofar sama kuwa ba don ado aka ɗaga ƙofofinta ba. Ƙashinta na siraran bututai ne da suka taso har gefe, babu wurin ƙofar da muka sani. Don haka dokin ƙofar yana da tsawo da faɗi, sai ka zauna a kansa ka jefa ƙafa, sitiyarin ma lanƙwasa shi ake yi kafin cinya ta wuce. Ku kwatanta Alhaji da babbar riga aska takwas yana wannan aikin a ƙofar ɗaurin aure, maroƙa na kallo. In ya samu ya shiga, gilashin ba ya sauka, cire shi ake yi gaba ɗaya, ga zafin inji na shigowa. Kafin a kai Asibitin Malam sitacin rigar ya narke. Miura kuma tsayinta daga ƙasa zuwa rufi mita ɗaya ne da 'yar ɗoriya, hula sai dai a riƙe ta a hannu, tudun rage gudu na farko zai kankare mata ciki. Tankinta a gaba yake, in mai ya yi ƙasa gaban ya yi sakayau, a babban gudu sai hancin ya nemi tashi. Ku da rabonku da cika tanki tun kafin a cire tallafi, kullum "zuba na dubu biyar", sa'arku ɗaya cunkoso ba zai bari ku kai gudun da hakan ke faruwa ba. GTO ba ma sai an gwada ta ba. Ba abin hana ƙara a cikinta, ba shimfiɗa, ko maleji ba a damu da sa mata ba, kuma ƙarzanen da ɗan baro zai yi mata ya fi kuɗin layinku.

Saura 911, wadda kuka yi wa dariyar doki 130. Ba ta da lagireto balle ya tafasa, iska da baƙin mai ke sanyaya injinta, haka aka yi ta ƙera ta har 1998. Injin a baya yake, kuma duk tsohon bakaniken da ya yi zamani da Basuwaja mai ƙirar kunkuru in ya buɗe zai ga fuskar da ya sani, don Ferdinand Porsche ne ya ƙera Basuwajar, jikansa ya zana 911. Aibinta a nan bayan yake: in ka shiga kwana da gudu ka tsorata ka ɗaga ƙafa, gindin zai zagayo ya riga ka fita. Amma wajen juriya ba a faɗa mata. A 1984 René Metge ya ci tseren Faris zuwa Dakar da wata 911 da aka ɗaga aka sa wa jan taya huɗu, bayan ta ratso hamadar Aljeriya da Nijar. Motar da ta sha rairayin Tenere ba ƙurar Tarauni ce za ta ba ta tsoro ba.

Na ga idon wasu ya fara ƙyalli, ana lissafin riba. A yi hankali. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a Agustan 1988 kuɗin motocinsa ya yi tashin gwauron zabi, masu neman riba suka ciwo bashin banki suka yi ta saye, farkon shekarun 1990 kasuwar ta rufta da su, da yawa suka sayar a ƙasa da rabin abin da suka biya. Kuma ita ba a ajiye ta a manta. Roba na bushewa, mai na lalacewa a tanki, ɓera na cin waya, ga inshora, ga ɗaki mai sanyi. Kafin ma a kai nan sai an je wajen malam, don a Malikiyya an bambanta zakkar ɗan kasuwa mai jujjuya kaya da ta mai ajiya yana jiran kasuwa ta yi kyau, kuma ina son in ga fuskar malamin da za a kai wa fatawar mota ɗaya ta dala miliyan hamsin.

In ni aka ce in zaɓa a kawo mini Gyadi-Gyadi, hankali zai ce 911 ta ƙarshen shekarun 1970 ko ta 1980, lokacin da aka fara yi wa jikinta rigakafin tsatsa. Zuciya kuwa tana wajen 504 mai ƙofa biyu, mai silinda huɗun ma ta ishe ni. Zanen Italiya ne, ƙafar Fijo ce mai shanye rami, injinta ɗan gida ɗaya ne da na Kaduna duk da nata mai injekta ne, kuma kuɗinta na mutane ne, ba na aljanu ba. Matsalar ɗaya ce. Ranar da ta fara tari na kai ta rumfa, oga zai buɗe gaba, ya daɗe yana kallon injektar, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Alhaji, shawara ce. A cire wannan a sa mata na Corolla, ka huta." Kuma rabinku da ke karanta wannan kun riga kun gyaɗa kai.